Fiton Cak Bandi

A layinmu na bayan kasuwar tsuntsaye ta garin Malang, a Java ta Gabas, abu biyu aka san Cak Bandi da su: gashinsa da bakinsa. Dukansu dogaye ne, kuma babu wanda aka taɓa ragewa.

Sana'arsa facin taya. Gashin ya sauko masa har tsakiyar baya, rabonsa da almakashi tun shekarar tamanin da tara, ranar da ƙungiyar makaɗa ta Lahar Wesi ta yi wasan kiɗan rok a filin ƙwallon gari. Yanzu furfura ta cinye shi, tsakiyar kan ma ta fara ƙyalli, amma yana nan yana ɗaure shi da yankan robar taya. Yakan ce ranar da aka taɓa gashin nan, ranar rok ya mutu a Java ta Gabas.

Yana da wani tsohon kaset na wasan ranar. A cikinsa akwai waƙar da ake kira Jirgin Rake, ita suka rufe da ita. Minti goma sha ɗaya ce. Minti huɗun farko babu kiɗa ko kaɗan, sai ihun jama'a suna kiran a ƙara, don makaɗan sun riga sun sauka. Can sai a ji wani fito mai ƙarfi ya keta ihun, dogo, ya lanƙwasa sau uku ya miƙe sama. Yana tsayawa sai jita ta tsage, ganguna su biyo baya.

Cak Bandi ya ce shi ya yi fiton nan. Ya ce har makaɗan sun shiga mota, mai jita ya ji shi ya ce a juya. Shekara talatin da ɗoriya yana ba da labarin, kullum motar tana ƙara nisa kafin ta juyo. In aka ce ya yi fiton a ji, sai ya ce ba a ɓarnatar da irin wannan a kan bencin mai kofi.

Abokin gardamarsa Pak Kusnan ne, tsohon akawun tashar jirgin ƙasa, mai sanƙo da gashin baki kamar burushin goge takalmi. Shi ma yana son Jirgin Rake, amma ta situdiyo, mai minti uku da rabi. Ya ce ita ce waƙar yadda masu ita suka nufa: kowane kiɗa ya shigo a kan lokacinsa, ya fita a kan lokacinsa. Ta dandali kuwa, mai ganga ya yi gaba ya bar kowa a tasha, muryar mawaƙin ta karye a baiti na biyu, lasifika tana kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Cak Bandi ya ce ta situdiyo yajin leda ce, ta dandali kuwa yajin da aka daka a gabanka, yana sa ka hawaye. Pak Kusnan ya ce shi bai taɓa ganin inda aka yabi abinci don ya sa mutum kuka ba. Haka suke kowace safiya, kofi yana hucewa.

Wanda ya kawo ƙarshen zancen shi ne Cak Sahrawi wanzami, mutumin Madura, da shagonsa ke jikin rumfar kofi. Ya daɗe yana kallon gashin Cak Bandi yadda mahauci ke kallon saniyar da ba ta sayarwa ba. Wata safiya ya ce tunda kunnen mutum ya kasa raba gardamar, a bar wa tsuntsu. Kowannensu yana da tsuntsun nan mai kwaikwayo da ake kira murai a keji. Kowa ya san murai abin da aka jiyar da shi yake haddacewa, shi ya sa masu kiwonsa ke kunna masa kukan wasu tsuntsaye. To kowa ya jiyar da nasa irin waƙar da yake so, nan da sati shida a kai su gasar ranar Lahadi. Wanda alƙalai suka fifita, waƙarsa ce waƙa.

Pak Kusnan ya shafa gashin bakinsa, ya ce ya sa shi, in tsuntsunsa ya faɗi a aske. Idanu suka koma kan Cak Bandi. Da ya yi shiru na numfashi ɗaya, da ya tsira. Amma bakin ya riga shi.

"Na sa gashina. Duka. A aske a gaban jama'a."

Cak Sahrawi ya miƙe. Ya shiga shago, aka ji yana wasa aska.

Da labarin ya isa gida, matarsa Bu Sulikah tana tsugune a bakin magudanar banɗaki, tana zaro dunƙulen farin gashi da waya, aikin da take yi duk Juma'a. Ta saurare shi har ya gama. Ta tambaye shi ko akwai shaidu. Ya ce mutum tara. Ta ce to madalla, ta ci gaba da aikinta.

Yadda ake koya wa murai kuka sananne ne. A rufe kejin da ƙyalle, a ajiye shi wuri mai sanyi, a kunna sauti ƙasa-ƙasa kamar daga nesa yake zuwa. Haka Pak Kusnan ya yi, sau biyu a rana, da agogo a hannu. Cak Bandi ya ce wannan tarbiyyar akawu ce. Ya aro lasifika biyu irin na biki, kowace ta kai firiji, ya girka su a baranda, ya rataye kejin a tsakani. Ya danna kaset.

Tsuntsun ya faɗo daga kan sandarsa. Hoton aurensu ya faɗo daga bango. Kajin maƙwabta suka haye katanga, ɗaya ba a sake ganinta ba sai bayan kwana uku. Shugaban layi ya zo da zani a kugu da sabulu a kunne, ya tsaya yana ta motsa baki, ba a jin abin da yake faɗa. Da aka kashe, Cak Bandi ya yi masa bayani cewa a filin ƙwallo ƙarar ta ninka wannan sau goma, kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Shugaban layi ya ce a filin ƙwallo babu mai jego a gida na uku. Aka mayar da lasifikan biki, aka koma kan tsohuwar rediyo mai cin kaset. Duk da haka ba gidan da ba ya jin ta.

Sati na biyu ya ce tsuntsun yana bukatar ya ga yadda ake karɓar kiɗa. Ya kwance gashi, ya tsaya gaban keji, ya raba ƙafa, ya shiga kaɗa kai sama da ƙasa. A karo na shida wuyan ya ƙage, gashin kuma ya sarƙe a ƙofar kejin. Murai ya ga kayan sheƙa sun zo har gida, ya kama tsiga. Haka Bu Sulikah ta dawo daga kasuwa ta tarar da shi, a sunkuye, keji a ka, yana kiran sunanta a hankali don kada maƙwabta su ji. Ta shiga ɗaki ta ɗauko almakashi. Ya roƙe ta don girman Allah. Ta ajiye, ta kawo man kwakwa, ta ɗauki rabin sa'a tana warwarewa, ba ta yi sauri ba ko kaɗan. Kwana huɗu yana faci da wuya a karkace, in zai dubi mai babur sai ya juya jikinsa duka.

Sati na uku ya tuna cewa a wasan akwai hayaƙi a kan dandali. Ya tara ɓawon kwakwa a tsohon bokiti ya cinna. Layi ya taso da bokitai. Matar shugaban layi ce ta fara isowa, ba ta ga wuta ba sai mutum a tsakiyar hayaƙi, ta sheƙa masa ruwan wanke-wanke. Ya tsaya da ƙwayar shinkafa a gira, yana gaya musu cewa ba su san fasaha ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, tsuntsun ya ɗauka. Abin da ya fara haddacewa shi ne kukan lasifika. Ya iya shi har ladanin masallacin layi ya kwance lasifikar masallaci ya kai gyara sau biyu, mai gyara yana rantsuwa lafiyarta ƙalau. Daga nan ya kama jita. Yakan bi ta hawa-hawa har inda take tsagewa, wutsiya tana rawa, ƙirji a buɗe. Har karyewar muryar mawaƙin a baiti na biyu bai bari ba. Masu wucewa suka fara tsayawa. Cak Bandi ya daina gaisawa da hannu, sai da haɓa.

A rumfar kofi ya ce ya riga ya tanadi kwalbar da zai ajiye gashin bakin Pak Kusnan a ciki. Pak Kusnan ya ce ya nemi buhu tukuna, don nasa kayan ba za su shiga kwalba ba.

Abu ɗaya Cak Bandi bai taɓa yi ba: bai taɓa tsallake minti huɗun farko ba. Ko an ce ya tura kaset gaba a huta da ihu, sai ya ce ai ran waƙar a nan yake. Yakan ɗaga yatsa a yi shiru, har fiton nan ya zo, ya lanƙwasa sau uku ya miƙe. Sai ya nuna ƙirjinsa. Sau shida a rana, sati shida. Har masu tallan bakso, romon curin nama, sun haddace fiton.

Ana saura kwana biyu, Bu Sulikah tana tsince shinkafa a baranda, ta ce masa ta lura da wani abu. Tsuntsun nan ba ya buɗe baki sai ya ji fiton cikin kaset. In rediyo tana kashe, ko kukan yunwa ba ya yi.

"A filin gasa kuma ba a kunna kaset, Pak," in ji ta, don a wajenmu haka mace ke kiran maigida.

Ya ce mata ta kula da shinkafarta. Ya ce harkar rok ba a koyonta a kicin, kuma in ma fito ake nema, ai ga mai shi a tsaye. Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce haka ne, ta mayar da kai kan faranti.

Ranar Lahadi da hantsi filin gasa ya cika. Rumfa ce ta ƙarfe mai ƙugiyoyi a jere, kowace da lamba, an kewaye ta da igiya. Masu tsuntsaye suna bayan igiya, alƙalai suna ciki da ƙananan tutoci, wanda ya burge su sai su ajiye masa tuta a ƙarƙashin keji. Minti goma ake ba kowane rukuni. Rabin layinmu ya zo. Cak Sahrawi ya zo da kujerar roba da ƙaramar jaka, ya zauna a gindin bishiyar mangwaro ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Cak Bandi ya iso da baƙar riga mai hoton ƙoƙon kai, wadda ta daina rufe cibiyarsa tun zamanin da. Ya wanke gashi da man matarsa, ya sake shi yana sheƙi. Ya rataye kejinsa a lamba goma sha bakwai, Pak Kusnan a sha takwas. Aka yaye ƙyallaye. Aka buga ƙararrawa.

Tsuntsu arba'in suka ɓarke a lokaci guda, masu su suna ta kira da tafi da fito daga bayan igiya. Na Pak Kusnan ya fara daidai kan ƙararrawa, kamar jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai. Tsaf, babu tuntuɓe, babu ƙari. Alƙali ɗaya ya tsaya ya gyaɗa kai.

Na Cak Bandi ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya ji ihun jama'a, ya gane shi sarai. Ya gyara tsayuwa, ya karkata kai, ya jira.

Cak Bandi ya gaya wa na kusa da shi cewa haka manya suke, sai sun ja wa jama'a rai. Minti ɗaya ya wuce. Biyu. Tsuntsun ya sosa fiffike. A minti na uku gumi ya fara bin gashin yana ɗiga a ƙugu.

Nan na Pak Kusnan ya yi abin da babu wanda ya zata. Waƙar situdiyo ba ta ƙarewa da bugu, raguwa take yi a hankali har ta ɓace. Haka tsuntsun ya yi. Ya rage murya, ya ƙara ragewa, alƙalin yana matsowa da kunne, har ya zama baki kawai ke motsi. Minti uku da rabi cif ya rufe baki, ya zauna yana jiran a mayar da kaset baya. Pak Kusnan ya dafe gashin bakinsa da hannu biyu. Alƙalin ya yi ɗan tunani, ya ajiye masa tuta ɗaya, mafi ƙanƙanta, irin wadda ake ba mutum don kada ya koma gida da kunya.

Tuta ɗaya dai ta fi babu. Pak Kusnan ya sauke hannu, ya juyo.

"Cak, ai sai ka yi masa fiton naka. Ga shi kowa yana yi."

Mutanen layi suka ce ƙwarai kuwa, yau ce ranar. Shugaban layi ya buɗa masa hanya har bakin igiya. Cak Bandi ya ce iska tana kaɗawa ta inda bai dace ba. Aka ce babu iska. Ya ce leɓensa ya bushe. Aka miƙo masa shayi mai ƙanƙara. Ya sha, ya daɗe yana sha. Saura minti huɗu.

Ya sa yatsa biyu a baki, ya cika ƙirji, ya hura. Abin da ya fita shi ne irin sautin da taya ke yi in ya cire mata bawul. Ya canza yatsu. Wannan karon yawu ne, ya sauka a wuyan wani mai kiwon tsuntsu daga Blitar, wanda ya juyo ya tambaya ko ruwa aka fara. Ya gwada da yatsa huɗu, ya ƙware, ya kama tari. Wani ya bubbuga masa baya. Pak Kusnan ya ce wataƙila motar makaɗan ta yi nisa da yawa wannan karon.

Cak Bandi ya bar fito ya koma roƙo. Ya kira tsuntsun da sunansa, ya kira shi ɗana, ya yi masa alkawarin gyare ashirin da ƙwan tururuwa cokali biyu. Ya kaɗa gashi. Tsuntsun ya dube shi da ido ɗaya, ya ɗaga wutsiya ya yi kashi.

Aka buga ƙararrawa. Tsuntsun wata malamar makaranta ne ya ci, wanda ba a taɓa jiyar da shi komai ba sai kukan 'yan'uwansa. Alƙalai suka nufi rumfar shayi.

Cak Bandi ya bi su. Ya ce minti goma ba ya isar waƙar da gabatarwarta kaɗai minti huɗu ce. Ya ce an rataye shi kusa da tsuntsun akawu, sanyin jiki ya shafe shi. Yana cikin haka yana ja da baya-baya, yana nufar inda ya ajiye babur ɗinsa, kejin ma ya manta da shi. Har ya kai hannu kan sitiyari.

Bu Sulikah tana tsaye a can ƙarshen igiya da lema a hammata. Ta miƙa wa matar shugaban layi lemar. Ta sa yatsa biyu a baki.

Fiton ya keta filin. Dogo ne. Ya lanƙwasa sau uku, ya miƙe sama.

Duk mutumin layinmu da ke wurin ya daskare, don sati shida suna jin sa sau shida a rana. Kafin kowa ya yi magana, keji mai lamba sha bakwai ya tsage. Kukan lasifika ya fara zuwa, har mai sanarwa ya duba makirufonsa. Sai jita, hawa-hawa, wutsiya tana rawa, ƙirji a buɗe. Sauran tsuntsayen suka yi tsit. Alƙalai suka dawo da kofuna a hannu. Babbansu ya ce shekara ashirin yana wannan aiki bai taɓa jin irin wannan ba, da a cikin lokaci ne da tutocin ba su isa ba. Ya ƙara da cewa amma ba a cikin lokaci ba ne.

Cak Bandi ya sauke hannu daga babur. Ya dawo a hankali. Ya tsaya gaban matarsa, bakin nan ya buɗe, karo na farko babu abin da ya fita.

Ita ta yi bayanin, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a shekarar tamanin da tara tana kan katangar filin ƙwallo, ita da ƙawarta. Shi kuwa yana ƙasa a durƙushe tsakanin ƙafafun mutane yana neman silifa ɗinsa ɗaya. Da aka tashi ita ta tsinto masa, a nan suka fara magana. Ta ce bai ga dawowar makaɗan ba ma, a kaset ya ji.

Shugaban layi ya tambaye ta me ya sa ta yi shiru shekara talatin. Ta ce mutum yana bukatar abin da zai riƙa faɗa a rumfar kofi.

Cak Sahrawi ya karkaɗe kujerar roba, ya ware ƙyalle. Cak Bandi ya zauna da kansa, wannan kam a ba shi. Almakashi ya shiga, gashin ya riƙa zuba a ƙasa kamar an kwance tsohuwar katifa. Tsuntsun yana ta yi a bayansu, ya kai inda muryar mawaƙin ke karyewa, ya karye daidai. Pak Kusnan ya saurara har ƙarshe, ya yi gyaran murya, ya sunkuyo ya tambaya a hankali ko za a ara masa kaset ɗin nan na kwana biyu.

Kan Cak Bandi ya bayyana, fari fat, ƙarami, da kunnuwa biyu da ba a gan su ba tun zamanin kaset. Ya shafa, ya dubi Pak Kusnan, ya ce ko ba komai kowa ya ji da kunnensa, ta dandali ce waƙa. Babu wanda ya musa masa. Sannan ya juya ga matarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Bu, tunda kin iya, me ya hana ki yi tun da sauran lokaci? Minti huɗu nake ta shan kunya."

Ta karɓi lemarta ta buɗe, ta riƙe masa a kan sabon kan don rana.

"Na so in yi, Pak," in ji ta. "Sai na tuna magudanar banɗaki."